Tsohon Takobi: Gado a Bodinga da Shagari, Haja a Turai

A Turai da Amurka akwai masu sha'awar tara tsofaffin wuƙaƙe da takubba, suna jera su a akwatin gilashi, suna gasar saye a wuraren gwanjo. A Bodinga da Shagari kuwa, wanda ya mallaki tsohon takobi galibi gadonsa ya yi. Takobin yana rataye a turaka, sai ranar hawan salla ko naɗin sarauta ake saɓa shi.

Dalilin yana cikin tarihin yankin. A Sifawa, cikin ƙaramar hukumar Bodinga ta yau, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna kafin ya koma Sakkwato a 1815, ƙanensa Malam Abdullahi kuma ya zauna a Bodinga. Takobi da mashi da baka su ne makaman jama'arsu, da su kuma aka tari Turawa a Giginya a watan Maris na 1903.

Sai dai ruwan takobin da dama baƙo ne. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya shiga Kano a 1851, ya ƙiyasta cewa ana shigo da ruwan takubba kusan 50,000 a shekara, akasari daga Solingen ta Jamus. Ayarin raƙuma ke tsallako Sahara da su. Maƙera su sa ƙota, dukawa su ɗinka kube da jar fatar akuyar Sakkwato. Shi ya sa mai tarawa ke fara duba tambarin da ke jikin ƙarfen, musamman jinjirin wata guda biyu. Amma maƙeran gida ma sun iya buga wannan tambari, don haka sai an haɗa da duba nauyi, da lanƙwasuwar ƙarfen, da ɗinkin kuben.

Kasuwar ta rabu biyu. Akwai sababbin ƙira da ake yi da sifirin mota, irin waɗanda 'yan koli ke bajewa a Kasuwar Kurmi ta Kano da Agadas. Wasu har tsatsa ake sa musu da gangan don su yi kama da na da. Rashin tsaro ya rage baƙi masu yawon buɗe ido, ciniki ya ja baya. Tsofaffi na ainihi kuma sun fi yawo a intanet tsakanin dillalan ƙetare, inda takobi ko wuƙar hannu da aka san asalinta ta fi tsada nesa ba kusa ba.

Ga kuma doka. Dokar 1979 da ta kafa hukumar gidajen tarihi ta ƙasa ta lissafa kayan sana'ar gida da aka ƙera kafin 1918 cikin kayan tarihi, ta hana fita da su waje ba izini. Mai son ganin makaman zamanin Daular Usmaniyya ba tare da ya saya ba, sai ya nufi gidan tarihi na Waziri Junaidu da ke Sakkwato.