Madarar Bakwaini a Gaban Kotunan Amurka

Bakwainin da nauyinsa bai kai kilo ɗaya da rabi ba, bai san kama nono ba tukuna. Yana kwance a kwalba, an zura masa siririyar roba ta hanci zuwa ciki, ana ɗiga masa abinci kaɗan-kaɗan. Babban abin da likitoci ke fargaba a waɗannan makonni shi ne ruɓewar hanji, wadda suke kira NEC. Sai a ga cikin jariri ya kumbura yana ƙyalli, jini ya biyo kashi, wani lokaci sai an yi tiyata an cire hanjin da ya mutu. Da yawa ba sa tashi.

Likitoci sun daɗe da lura cewa cutar ta fi kama jariran da ake bai wa madarar da aka sarrafa daga nonon saniya, a kan masu shan nonon uwa. Da wannan hujja iyaye a Amurka suka maka kamfanin Abbott mai yin Similac da Mead Johnson mai yin Enfamil a kotu, suna cewa ba a gargaɗe su ba. A watan Maris na 2024 wata kotu a jihar Ilinoyi ta ɗora wa Mead Johnson diyyar dala miliyan 60. A watan Yuli kuma wata a Misuri ta ɗora wa Abbott dala miliyan 495.

A watan Oktoba na shekarar, hukumomin lafiya na Amurka, wato FDA da CDC da NIH, suka fitar da matsaya ɗaya: babu tabbatacciyar hujja cewa madarar ce ke haddasa cutar, amma akwai hujja mai ƙarfi cewa nonon uwa yana karewa. Na yarda da su, kuma ba na fatan madarar nan ta ɓace, domin akwai uwar da ke kwance rai a hannun Allah, ko nononta bai kawo ba. Sai dai abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda aka bar kotu ta yi aikin hukuma. Dokar madarar jarirai ta Amurka ta 1980 ba ta ce sai FDA ta ba da lasisi kafin a kai madara kasuwa ba, kamar yadda ake yi wa magani. Ta bakwaini ma an sa ta a rukunin da aka ɗauke wa wasu sharuɗɗan sinadarai, saboda buƙatarsa daban ce. Ai kuwa wanda ya fi kowa rauni shi ya fi cancanta a sa wa abincinsa ido, a kuma faɗa wa uwarsa bambancin madarar da nononta tun ranar farko.

A wajenmu madarar gari ce ta fi yawa, ita kuwa tana iya zuwa da ƙwayar cuta tun daga masana'anta. Shi ya sa tun 2002 FDA ta shawarci asibitoci su guje ta a ɗakin bakwaini sai in babu makawa, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ce a dama ta da ruwan da zafinsa bai gaza digiri 70 ba. Duk da haka har yau akwai gidajen da ake matse dakashi a zubar, alhali ɗigo kaɗan na wannan nonon farko likita ke roƙon uwa ta tatso masa a kofi.