LITTATTAFAN DA SUKA CI GASA, DA SAMARINMU NA YAMMACIN ZAMFARA

Masu karatu na Anka da Gummi da Bukkuyum da ƙauyukansu, ina so yau mu tattauna a kan wani al'amari wanda mu malaman allo ba mu cika sa baki a cikinsa ba, watau littattafan hikaya da ake rubutawa domin samari da 'yan mata, da kuma gasar da ake shiryawa don a fitar da na ƙwarai daga cikinsu.

Abin da ya ta da maganar ƙarami ne. Wata rana da hantsi na lura da wani almajirina, yaro ɗan shekara goma sha biyar, ya sunkuya bisa allonsa amma bakinsa ba ya motsi. Da na matsa kusa sai na tarar da wani tsohon littafi a ƙarƙashin allon, bangonsa ya fita, ganyen farko ya yage. Na karɓa na duba, ashe Ruwan Bagaja ne. Yaron ya ɗauka bulala ce za ta biyo baya. Ni kuwa dariya ce ta kusa kama ni, gama da wannan littafi aka taɓa kama ni ina kamar shekarunsa, kuma malamina bai yi mini sassaucin da na yi wa wannan ba. Na ce ya ajiye sai an tashi. Da dare na zauna ina tunani: littafin nan ya haura shekara tasa'in a duniya, me ya sa har yau yaro zai yarda ya sha duka dominsa?

Ga asalinsa. A shekarar 1933 wani Bature, Dokta Rupert East, shugaban Hukumar Talifi ta Zariya, ya ga an buɗe makarantun boko amma yaran da suka iya karatu ba su da abin da za su karanta don nishaɗi. Sai ya zaga garuruwan Arewa yana roƙon masu ilmi su ƙago labarai su rubuta, za a zaɓi waɗanda suka fi a buga. Shi da kansa ya faɗa daga baya cewa abin da ya fi ba shi wuya shi ne ya shawo kan malamai su yarda rubuta labarin da bai faru ba aiki ne da ya cancanci mutum mai daraja. Kuma gaskiya ya faɗa. A wurinmu alƙalami na karatu ne da wa'azi da waƙa da tarihi. Tatsuniya kuwa ta tsofaffin mata ce da yara, da dare, a tsakar gida.

Littattafai biyar suka fito daga wannan yunƙuri: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida tare da East ɗin. To, mai karatu, dubi shekarun marubutan. An haifi Abubakar Imam a 1911, Tafawa Ɓalewa kuwa a 1912. Ashe sa'ad da suka rubuta, ɗaya yana da ashirin da biyu, ɗaya ashirin da ɗaya. Samari ne suka rubuta wa ƙannensu. Ina ganin rabin sirrin ke nan.

Sauran rabin kuwa mu ya shafa, ko da yake ba mu cika sani ba. Imam da Bello Kagara wa da ƙane ne, 'ya'yan gidan malamai, sun sha karatun zaure kafin su ga boko. Duk wanda ya karanta Maƙamatul Hariri a gaban malami, in ya buɗe Ruwan Bagaja zai ji ƙamshin gida. Mutum biyu masu yawon duniya, suna rabuwa a wannan gari su sake gamuwa a wancan, kowace gamuwa da irin wayon da za a yi da irin kunyar da za a sha: wannan gini na Hariri ne, Imam ya ɗauko ya yi masa yaɓe da ƙasar Hausa, ya fitar da Alhaji Imam da Malam Zurƙe. Mu muna karanta Hariri don mu tsinci lugga, mu haddace kalmomi masu wuya, har mu manta akwai abin dariya a ciki. Shi ya ga dariyar, ya miƙa wa yara. Haka ya yi kuma a Magana Jari Ce, wanda ya biyo baya cikin littafi uku daga 1937, inda ya tattaro labarai daga Alfu Laila da na Turawa da na gida, ya sa su a bakin aku. Saboda haka in wani malami ya ce hikaya baƙuwa ce a zaurenmu, sai in ce masa ya sake duba gafakarsa.

Ba zan ɓoye ba, gasar nan tana da wata fuska. Da boko kaɗai aka karɓi rubutu, kuma nufin hukuma shi ne boko ya zauna da gindinsa. Ya kuwa zauna. Yaron da ya ɗanɗana Ganɗoki da yaƙe-yaƙensa ba ya bukatar a lallashe shi ya koyi baƙaƙen Turawa. Ajami ya tsaya a waƙoƙin wa'azi da wasiƙu da lissafin 'yan kasuwa, bai sami labarin da zai ja yaro ba. Har a 2007 aka cire shi daga ƙananan takardun kuɗi, mutane suka yi ta ƙorafi, amma rashin ya faro tun can baya.

A cikin biyar ɗin, wanda na fi so samarinmu su karanta a wannan zamani shi ne Shaihu Umar. Labarin yaro ne ɗan Kagara da aka sace yana ƙarami, ya faɗa hannun masu bayi, har wani Balarabe, Abdulkarim, ya ɗauke shi ya ƙetare hamada da shi zuwa ƙasar Masar, ya riƙe shi kamar ɗansa, ya sa shi karatu. Uwarsa kuwa ta bar kome ta bi sawunsa, ita ma aka kama ta aka sayar, ba ta sake ganinsa ba sai a Tarabulus, ta rasu ba da daɗewa ba. Sa'ad da na fara karanta shi na ɗauke shi labarin zamanin da ya wuce ba zai komo ba. Yanzu fa? Wace uwa ce tsakanin Anka da Bukkuyum za a karanta wa wannan ba ta ce da ita ake ba? Ran 26 ga Fabrairu, 2021, aka kwashe 'yan mata 279 daga makarantar kwana ta Jangebe a dare ɗaya, nan kusa da mu. Waɗancan Allah ya sa an sako su cikin 'yan kwanaki. Na ƙauyuka waɗanda ba a buga labarinsu a jarida ba, mu muka san su. Mai littafin, wanda ya zama Firayim Ministan Nijeriya aka kuma kashe shi a Janairun 1966, bai yi wa mai karatu wa'azi da yawa ba. Ya dai nuna yaro da aka raba da kome amma bai lalace ba, kuma yaron da ya kwana a daji a hannun 'yan bindiga yana bukatar ya ji cewa an taɓa yin haka.

Bayan wannan gasa aka daɗe ba a yi wata mai ƙarfinta ba. Sai kamfanin buga littattafai na NNPC a Zariya ya shirya tasa, aka buga waɗanda suka ci a 1980: Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina, So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed, da Amadi Na Malam Amah na Magaji Ɗambatta. Na Hajiya Hafsat shi ne labari na farko da aka buga na wata mace da Hausa, kuma ita ba baƙuwarmu ba ce, ta yi zaman Gusau. Sa'an nan a 1982 aka buga waɗanda suka ci gasar Ma'aikatar Al'adu ta Tarayya, cikinsu har da Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare da kuma Turmin Danya. Daga nan sai kasuwa ta karɓe ragama. Marubutan Kano suka shiga buga nasu da kuɗinsu, irin In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino a 1991, 'yan mata suka yi ta karɓar haya suna karantawa a ɗaka. Mu malamai muka yi ta suka a kan mumbari, har a 2007 aka tara wasu aka ƙona a Kano. A cikinsu akwai na banza, ban musa ba. Amma wanda ya ƙwace wa yaro tuwo ya ce ba shi da kyau, ya kamata a ga wani akushi a ɗaya hannun nasa. Mu ba mu zo da kome ba.

Sashen Hausa na BBC ya buɗe gasar Hikayata a 2016 domin mata masu rubuta gajerun labarai. Wadda ta fara ci, Aisha Muhammad Sabitu, labarinta Sansani a kan 'yan gudun hijira yake. A 2022 kuwa Amira Souley ce daga Maraɗi ta zo ta ɗaya. Wannan ya nuna alƙalamin bai bushe ba. Akwai kuma babbar kyautar adabi ta kamfanin gas na NLNG, ta dala dubu 100, wadda takan juyo kan littattafan yara bayan 'yan shekaru, amma da Turanci ake shiga, sai dai mu ji labari. A Amurka tun 1922 suke ba da lambar Newbery kowace shekara ga littafin yara da ya fi, ba su fasa ba. Abin lura a nan ba yawan kuɗin ba ne, rashin fashin ne. Namu sai a yi sau ɗaya, a yi shekara arba'in ana ba da labari.

Kada kuma a ɗauka duk abin da ya ci gasa ya zama zinariya. Idon Matambayi tare da Ruwan Bagaja aka zaɓe shi, amma mutum nawa suka san shi yau? Alƙalan gasa mutane ne, suna da abin da suke so. East ma ya sa hannunsa a cikin rubuce-rubucen nan, ya gyara, ya rage. Amfanin gasa ɗaya ne tak wanda ba a musunsa: takan sa wanda yake da labari a ciki ya zauna ya rubuta, ta kuma sa a buga. Alƙalin ƙarshe shi ne yaron nan da ya ɓoye littafi a ƙarƙashin allo.

To, yanzu mu komo gida. A shekarar 2010 gubar dalma ta ɓulla a ƙauyukan da ake niƙa dutsen zinariya cikin gidaje: Dareta da Abare da Sunke da Bagega a ƙasar Anka, da 'Yargalma da Tungar Guru a ƙasar Bukkuyum. Yara fiye da 400 suka mutu, likitocin ƙungiyar MSF suka yi wa dubbai magani. Waɗanda suka tsira suna goye a lokacin, yau samari ne da 'yan mata, wasu har sun yi aure. Sun tashi sun tarar da kaburburan yayyensu, suka girma cikin tashin hankalin 'yan bindiga, na Gummi kuma suka ga ambaliyar 2024 ta rushe gidajensu. Turawa sun rubuta rahotanni a kan dalmar nan da harshensu, an ajiye a ofisoshi. Yaron Bagega da zai so ya karanta abin da ya sami garinsu, da harshen uwarsa, a bakin wani yaro irinsa, me za a miƙa masa? Ba ina nufin littafin kuka ba. Samari ba su son a zaunar da su a yi ta yi musu jaje. Suna son jarumi, da wayo, da dariya, da soyayya mai kunya, da mugu wanda zai gamu da gamonsa. Duk akwai su a ramin haƙar zinariya da kasuwar Gummi da hanyar Anka zuwa Gusau, in an sami mai ido.

Kuma ba a ce ƙasarmu ba ta da baki ba. Ƙasar da ta fitar da Musa Ɗanƙwairo da Sa'idu Faru ba za a koya mata sarrafa magana ba. Gummi ta haifi Shaihu Abubakar Mahmud Gumi, wanda ya fassara Alƙur'ani zuwa Hausa, aka ba shi kyautar Sarki Faisal a 1987. Abin da ya rage shi ne a kira samari a ce su rubuta, kamar yadda aka kira su Imam.

Ga roƙona ga sarakunanmu uku, da shugabannin ƙananan hukumomi, da attajiran da Allah ya buɗa wa. A sa gasa ta shekara-shekara ga 'yan ƙasa da shekara ashirin da biyar, maza da mata. A karɓi rubutu da boko, a karɓa da ajami, domin almajirin da ya yi shekara goma yana riƙe da alƙalami kada a ce masa bai iya rubutu ba. Alƙalai su zama uku: malamin Hausa na makarantar sakandare, da malamin zaure, da wata uwa mai karatu, kafin su yanke hukunci kuma a karanta labaran a gaban yara a ga inda suka yi tsit da inda suka fara hamma. Kada kyautar ta zama babur ko keken ɗinki kawai a watse. A buga labarai ukun farko da rubutun biyu, ajami a dama boko a hagu, a raba wa makarantu, a karanta a gidan rediyon Gusau saboda waɗanda littafin ba zai kai gare su ba. Kuɗin wannan duka bai kai na walimar naɗin sarauta guda ba.

Almajirin nawa ya gama Ruwan Bagaja cikin kwana uku, ya zo yana tambaya ko akwai wani. Na aika Gusau aka sayo masa Shaihu Umar, da sharaɗin sai ya wanke allonsa tukuna. Na kuma ba shi takarda fari guda ashirin da tawada, na ce ya rubuta mini da ajami yadda suka baro ƙauyensu da dare shekara uku da suka wuce. Ya kawo shafi shida, ya ce saura.