Cinikin Wasannin Bidiyo Na Jabu: Me Shari'a Ta Ce?

Tun sa'ad da kamfanin Sony na ƙasar Japan ya fito da na'urar PlayStation 2 cikin shekarar 2000, cinikin faya-fayan wasan bidiyo na jabu ya bunƙasa a kasuwannin Nijeriya, daga Alaba ta Ikko har zuwa Kano. Sai a sami faifai guda na ainihi, a kwafe shi ɗari-ɗari, a sayar da araha. Yanzu ma an rage wahalar faifai, ɗura wasannin ake yi cikin na'ura, mai kanti ya karɓi ladansa. Matasa da yawa da wannan sana'a suke ci da iyalinsu. To, kuɗin halal ne?

Tushen maganar shi ne ko aikin ƙwaƙwalwa dukiya ne. Malaman Hanafiyya na da sun ce dukiya ita ce abin da za a iya riƙewa a ajiye. Bisa irin wannan fahimta Mufti Muhammad Shafi na Pakistan ya ga cewa wanda ya sayi littafi yana iya sake buga shi. Amma Malikiyya, watau mazhabar da ake bi a ƙasar Hausa, da Shafi'iyya da Hanbaliyya duk sun lissafa amfanin abu a cikin dukiya.

Cikin Disamba 1988 Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta yi zama a Kuwait, ta yanke cewa haƙƙin mai wallafa da na mai ƙirƙira abin karewa ne a Shari'a, bai halatta a keta shi ba. Kwamitin fatawa na Saudiyya kuma ya hana kwafar manhajar kwamfuta sai da izinin mai ita, ko Musulmi ne ko ba Musulmi ba. Ashe ke nan hujjar da ake yawan ji, wai kamfanonin na Turawa ne masu kuɗi, ba ta tsaya ba.

Ba a ɗauke shi satar da ke jawo haddi ba, don ba a fasa ma'ajiya an fitar da kaya ba. Cin haƙƙin wani ne, hukuma ce ke da ikon horo a kai, ga kuma sabuwar dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu cikin 2023. Wanda kuwa ya sayar da jabu da sunan na ainihi, ya ƙara algus a kan laifin farko.

Masu shirya finafinan Hausa a Kano sun daɗe suna kuka da masu satar fasaha da suka karya musu jari. Haƙƙin da suke nema a kare musu, shi ne dai na wanda ya ƙago wasa a Tokyo. Ya kamata malamanmu su yi wa 'yan kasuwa bayanin wannan hukunci, attajirai kuma su taimaka wa matasan da jarin sayar da na ainihi ko gyaran na'urori.