Kafireta Mai Maƙogwaro Huɗu: Saita Ta Da Canja Ta

Duk wanda ya taɓa riƙe babur ko injin ban-ruwa ko ƙaramin janareto ya san kafireta. Ita ce ke gauraya fetur da iska kafin su shiga cikin inji su ƙone. A wannan wata za mu yi bayani a kan babbar yayarsu, wato kafireta mai maƙogwaro huɗu, wadda ake samu a kan manyan injunan tsofaffin motoci. Ko mutum ba shi da irin wannan mota bayanin zai amfane shi, domin yadda babbar take aiki haka ƙaramar take yi.

Asalinta daga Amurka ne. A shekarar 1952 kamfanonin Carter da Rochester suka fara fito da ita don manyan motoci irin su Buick da Cadillac da Oldsmobile. Kamfanin Holley ya fito da tasa mai lamba 4150 a 1957, kuma har yau ana ƙera irinta. A 1965 Rochester ya kawo wadda ake kira Quadrajet, aka yi ta ɗora ta a kan motocin General Motors har zuwa 1990. Daga nan sababbin motoci suka koma ga injekta, mai fesa mai da umarnin kwamfuta. Amma har yanzu a Amurka akwai mutane da yawa masu riƙe da tsofaffin motoci masu silinda takwas, suna gyara su da hannunsu. A nan wajenmu, inda aka fi cin karo da ita shi ne kan tsofaffin Marsandi samfurin 250 da 280 da 280S, masu silinda shida, waɗanda ke ɗauke da Solex 4A1.

Mai karatu, ka tuna famfon maganin sauro irin na da, mai ɗan gwangwani a baki? In ka tura sandar, iska na wucewa da gudu ta saman wani siririn bututu, sai ta zuƙo maganin ta fesa shi. To, haka kafireta take. Inji na zuƙar iska ta maƙogwaro. A tsakiyar maƙogwaron akwai wurin da aka matse. Iska in ta zo nan sai ta ƙara gudu, gudun nan kuma shi ke jawo fetur daga ɗan kwanon da ke gefe, ta wata 'yar ƙofa da makanikai ke kira jet. A ƙasan maƙogwaron akwai ɗan faifan ƙarfe, shi ne ke buɗewa in direba ya taka totur.

Kilo ɗaya na fetur na bukatar iska kilo 14.7 kafin ya ƙone sarai. Wato lita ɗaya ta fetur tana cin iska kimanin lita 9,000, cikin durom 45 ke nan. In mai ya yi yawa sai baƙin hayaƙi da asarar kuɗi, kuma tun da aka janye tallafin mai a Nijeriya a 2023 ba mai son wannan asara. In iska ce ta yi yawa sai inji ya yi zafi, bawul ya ƙone, wani lokaci har kan fistin ya huje. Wannan na biyun ya fi haɗari, domin ba ya nuna kansa da hayaƙi.

Me ya kawo maƙogwaro har huɗu? Babban inji yana da bukata iri biyu. A tafiyar cikin gari iska kaɗan yake zuƙa, don haka ƙaramin maƙogwaro yake so, yadda iskar za ta yi gudu ta jawo mai. A babban titi kuwa, ko hawan tudu da kaya, ƙofa mai faɗi yake so. Sai aka raba aikin. Biyu na gaba su ke aiki kullum. Biyu na baya suna rufe, sai an taka totur sosai suke buɗewa. A kan Quadrajet da Solex 4A1 na gaban ƙanana ne ƙwarai, na bayan kuwa manya. Shi ya sa direba mai sanyin ƙafa kan yi doguwar tafiya na bayan ba su buɗe ba.

Kafin a taɓa sukuru

A yi aikin a fili, a ajiye abin kashe gobara ko bokitin yashi a kusa. Kada a leƙa cikin maƙogwaro inji na aiki, domin yakan yi harbi ta sama da wuta. Kada kuma a tsiyaya fetur a ciki wani na murɗa makulli.

Sau da yawa ana ɗora wa kafireta laifin da ba nata ba. Mota ta fara gardama, sai bakanike ya ɗauko sukundireba ya hau murɗe-murɗe, alhali ciwon yana ga wuta. Saboda haka a fara duba fulogi da wayoyinsu da kwantak, a daidaita taimin. Bayan wannan a nemi inda iska ke shiga ta ɓarauniyar hanya. Gasket ɗin da ke ƙarƙashin kafireta yakan bushe, tiyo yakan tsage. A bar inji a silo, a fesa ɗan ruwa a kewayen gindinta. In ƙarar inji ta canja, to nan iska ke shiga. Solex 4A1 ma an san ta da lanƙwashewa in an ɗaure notinanta fiye da kima, kuma in ta lanƙwashe ba saitin da zai zauna. A duba matatar iska, musamman lokacin hunturu da ƙura ke tashi, a canja matatar mai. Masu cire matatar iska wai don mota ta yi numfashi, yashi suke ɗura wa injinsu.

Saitin farko shi ne yawan man da ke cikin kwano. A cikinsa akwai fulot, yana yawo a saman mai kamar goran masunta a kan ruwa. In mai ya kai iyaka, sai fulot ya tura wata 'yar allura ta toshe hanya. In ya yi sama da yawa mai zai yi ambaliya. In ya yi ƙasa, mota za ta shaƙe a kwana ko a hawa. Yawancin Holley suna da 'yar taga a gefen kwano, man ya tsaya daidai leɓen ƙasa na tagar, mota tana kan wuri mai daidai. Famfon mai kuma kada ƙarfinsa ya wuce awo 6 zuwa 7 na psi, in ba haka ba zai rinjayi allurar.

Sai silo. Akwai sukuru biyu a gindin maƙogwaron gaba. A murɗa kowanne ciki a hankali har ya zauna, ba tare da matsawa ba, domin bakinsa siriri ne. Sannan a dawo da shi zagaye ɗaya da rabi. A tada inji a bar shi ya yi zafi. A riƙa juya su kaɗan-kaɗan, wannan sannan wancan, daidai wa daida, har a sami inda inji ya fi tafiya lami lafiya. Mai agogon awon zuƙar inji zai ga allura ta tsaya tsakanin 17 da 21 a lafiyayyen injin da ba a canja masa komai ba. Daga nan a mai da gudun silo inda littafin motar ya ce.

In an taka totur farat ɗaya, faifai ya buɗe, iska ta riga mai shiga. Don haka aka sa wani ɗan famfo mai watsa mai a wannan lokaci. A kashe inji, a cire matatar iska, a ja totur da hannu ana kallo. Ya kamata a ga mai ya tsarto nan take ta ɓangare biyu. In ya yi jinkiri, shi ne dalilin da mota ke yin kamar za ta mutu sannan ta ɗauka.

Jet kuwa fulogi ne ke ba da labarinsa. Bayan tafiya mai ɗan nisa a kwance su a duba. Ruwan ƙasa-ƙasa mai haske, lafiya. Baƙi mai kunkunniya, mai ya yi yawa. Fari fat, mai ya yi kaɗan, a ƙara ba da wasa ba. A canja jet lamba ɗaya ko biyu a lokaci guda, a gwada, a rubuta a takarda. Kada a tsokale shi da waya, domin ramin zai ƙara faɗi. Tsayin ƙasa ma yana da tasiri, saboda iskar kan tudu ba ta kai ta bakin teku kauri ba. Ƙa'idar Holley ita ce a rage lamba ɗaya a duk hawan mita 600. Motar da aka saita a Legas, in ta koma zama Jos mai tsayin kimanin mita 1,200, za ta riƙa shan mai fiye da bukatarta.

Maƙogwaron baya

Nan ne mutane suka fi ruɗewa. Akwai waɗanda sandar totur ce ke buɗe su kai tsaye, waɗannan sun fi dacewa da motocin tsere marasa nauyi. Akwai kuma waɗanda zuƙar inji ce ke buɗe su, sai inji ya nema suke ba shi. Waɗannan su suka dace da motar hawa da ta kaya. Irin waɗannan ba sa buɗewa in an taka totur mota na tsaye ba giya. Wasu kan ga haka su ce sun lalace, har su ɗaure su da waya don su buɗe dole. Wannan ɓarna ce. A kan Holley, hanyar gwaji ita ce a maƙala 'yar waya a jikin sandar da ke jan faifan baya, a tura ta can sama, a fita titi a taka sosai. In an dawo an tarar wayar ta sauko, to suna buɗewa.

Wani abin mamaki, direbobi na jin daɗin fizgar nan da mota ke yi lokacin da na baya suka buɗe, suna cewa ƙarfi ne ya zo. A gaskiya inji ne ya shaƙe na ɗan lokaci saboda sun buɗe da wuri, sannan ya farfaɗo. Saiti mai kyau ba a jin shigarsu, gudu kawai ke ƙaruwa. Sifirin ne ke riƙe da su. Mai tauri na jinkirta buɗewa, mai laushi na gaggauta ta. Mota mai nauyi mai tauri take so.

Babba ko ƙarama?

Mai son ƙara wa injinsa ƙarfi yakan ɗauka cewa babbar kafireta ita ce magani. Bari mu yi lissafi. Ana auna girman kafireta da yawan iskar da ke iya wuce ta a minti ɗaya. Amurkawa na kiran awon CFM, kuma CFM ɗaya kimanin lita 28 ne. Ɗauki sanannen injin Chevrolet 350, mai cin lita 5.7. Inji na zuƙar iska sau ɗaya ne a kowane zagaye biyu. In yana zagaye 5,000 a minti, zuƙa 2,500 ke nan. Lita 5.7 sau 2,500 ya ba mu lita 14,250, wato CFM 500 da 'yan kai. Kuma injin da ba a yi masa wani gyara na musamman ba, ba ya cika cikinsa taf, yakan tsaya wajen kashi 80 zuwa 85 cikin ɗari. Saboda haka kafireta mai 600 ta ishe shi har da saura. In aka ɗora masa mai 850, ƙofa ta yi faɗi, iska ta rage gudu, ta kasa jawo mai yadda ya kamata. Sai mota ta yi nauyin tashi, ga shan mai. Quadrajet tana kai 750 amma ba ta da wannan matsala, saboda ƙananan maƙogwaronta na gaba.

Yi wannan lissafi da Fijo 504 mai lita 2. Lita 2 sau 2,500, lita 5,000, bai kai CFM 180 ba. Ƙaramar Holley mai maƙogwaro huɗu kuwa 390 ce. Ka ga Fijo ba ta da abin yi da ita.

Inda canjin ke da amfani shi ne babban inji mai silinda takwas da ya zo da maƙogwaro biyu. Nan ma ba kafireta kaɗai za a saya ba. Dole a canja manifol, wato bututun da take zama a kai yana raba wa silinda. Zamansu iri biyu ne, akwai mai ramuka huɗu daidai wa daida irin na Holley 4150, akwai mai ƙanana biyu da manya biyu irin na Quadrajet, kuma wannan ba ya hawa kan wancan sai da faranti a tsakani. In salansa matsattsiya ce, ribar za ta ragu, domin abin da ya shiga sai ya sami hanyar fita. Mota mai giya otomatik kuma tana da waya ko sanda da ta taso daga kafireta zuwa giya. A kan giyar General Motors mai lamba 700R4, wannan waya ita ke daidaita ƙarfin man giya. In aka bar ta sako-sako ko ba a haɗa ta ba, giyar na iya ƙonewa cikin 'yar gajeruwar tafiya. Saboda haka a haɗa ta a saita ta kafin motar ta bar gareji.