Saura kaɗan a kori yaron sibar saboda layi ɗaya da ban rubuta ba

Bayan sallar la'asar ne wayata ta yi ƙara. Alhaji ne, mai sibar ɗin da na haɗa wa manhajar ƙirga lokaci a nan Maraɗi. Ko gaisuwar kirki bai tsaya mun yi ba. "Malam, ka zo ka duba mini wannan abin naka. Ko dai shi ne ya lalace, ko yaron nan ne ke cutata. In shi ne, wallahi gobe ya koma gidansu."

Ga abin da ke faruwa. Kusan kullum tsakanin azahar da la'asar, agogon da ke ƙirga mintocin masu shiga intanet sai ya ɓace daga fuskar kwamfutoci. Mutane su ci gaba da zama, in aka zo biya a yi ta gardama. Alhaji yana ganin shago cike, da dare kuma lissafi bai kai ba. Shi a ganinsa yaron ne ke rufe manhajar da gangan don ya sa kuɗi aljihu. Yaron kuwa rantsuwa yake har da hawaye.

Shi ne ma ya ba ni bakin zaren. Ya ce, "Yaya, ni dai na lura, ranar da aka ɗauke kuran da hantsi, abin ba ya faruwa." Nan gabana ya faɗi. Matsalar da kashe kwamfuta da kunnawa ke gusarwa, galibi wani abu ne ke taruwa a ciki.

Sai na ɗan koma baya don mai karatu ya gane. Duk manhajar da aka buɗe, akwai layin umarni da ke tashe ta: sunanta, sai abin da ake so ta buɗe. A Linux da 'yan uwansa, ana miƙa wa manhaja kalmomin nan a rarrabe, ɗaya bayan ɗaya. Windows ba haka yake ba. Zare guda yake miƙawa, wanda kan iya kai haruffa 32,767, kowace manhaja ita za ta yanka abinta. Tawa manhajar, duk bayan daƙiƙa biyu, tana tambayar Windows layin umarnin duk abin da ke buɗe, don a san wanda ke intanet da wanda ke buga takarda, tunda farashinsu ba ɗaya ba ne.

Da farko na ɗauka yankan ba wani aiki ba ne: duk inda aka ga fili tsakanin kalmomi, a yanka. Kwana biyu kawai dabarar ta yi. Shi kansa Windows yana ajiye manhajoji a foldar da ake kira Program Files, ga fili nan a tsakiyar sunan. Balle ɗalibin da zai sa wa fayil ɗinsa suna "takardar neman aiki ta ƙarshe". Fayil ɗaya sai ya zama biyar. Shi ya sa ake kewaye irin wannan suna da alamar zance, a ɗauke shi kalma guda.

To amma alamar zancen ma da nata rikicin, saboda karkatacciyar sandar nan (\) da Windows ke raba sunayen folda da ita. Ƙa'idar ita ce: in sanda ba ta gaban alamar zance, sanda ce kawai. In sanduna biyu suka zo kafin alamar, a ɗauke su sanda ɗaya, alamar kuma ta yi aikinta na buɗewa ko rufewa. In ɗaya ce tak, to ta kashe ƙarfin alamar, ta mai da ita harafi kamar kowane. Ke nan wanda ya rubuta sunan folda ya ƙare da sanda, sannan ya rufe zance, a wurin kwamfuta bai rufe komai ba. Sauran layin sai ya manne da sunan foldar. Kar a ɗauka masu koyo kaɗai abin ke kayarwa. A watan Afrilun 2024, sai da masu harshen Rust suka fitar da gyaran gaggawa, sigar 1.77.2, kan yadda ake shirya layin umarni a Windows, domin ta wannan ƙofar mugu na iya cusa nasa umarnin.

Da na ga haka, sai na daina wahalar da kaina, na koma ga abin da Windows ya tanada. Akwai wani aiki mai suna CommandLineToArgvW a cikin shell32.dll: ka ba shi zaren, ya dawo maka da jerin kalmomin da adadinsu. Na kira shi daga C#, harshen da nake rubutu da shi, na gwada, komai ya fita daidai. Na karɓi kuɗina na tafi. Ashe a nan na binne matsalar.

Mu 'yan C# an sangarta mu. Tun da Microsoft ta fitar da .NET a 2002, akwai abin da muke kira mai kwashe shara: duk gurbin ƙwaƙwalwar da manhaja ta gama da shi, shi zai bi ya kwashe, ba sai ka ce masa ba. Dabarar ma tsohuwa ce, John McCarthy ya ƙirƙiro ta don harshen Lisp tun wajen 1959. Amma mai kwashe sharar nan tsakar gidansa kawai yake sharewa. Abin da ka aro daga wajen Windows kai tsaye ba ya cikin littafinsa, bai ma san da shi ba. Jerin da CommandLineToArgvW ke dawowa da shi aro ne, kuma takardun Microsoft sun faɗa ƙarara cewa wanda ya kira shi ne zai mayar, ta hanyar LocalFree. Ni kuwa ban mayar ba ko sau ɗaya.

Na zauna a shagon na buɗe Task Manager, na zuba ido. Ƙwaƙwalwar da manhajata ke ci sai hawa take, ba ta sauka. Na ɗauki biro na yi lissafi. Abubuwa kamar 100 ne ke gudana a kwamfutar, kowane layi da jerinsa a ce kilobait 2, tunda na burauza dogaye ne. Duk daƙiƙa biyu kilobait 200 ke nan, a awa guda kusan megabait 360. Manhaja mai bit 32 irin tawa, a ƙa'ida gigabait 2 ne iyakarta. Awa biyar zuwa shida ta cika. Ana buɗe shago ƙarfe takwas, ka ga azahar ta yi daidai. Da yayyafi kogi kan cika. Ranar da aka ɗauke wuta kuwa, lissafin sabo yake komawa, shi ya sa yaron ya ga abin da ya gani.

Gyaran bai ɗauke ni minti goma ba, amma akwai abubuwa huɗu da nake so ƙannena masu koyon wannan sana'a su riƙe. Na ɗaya, ka kwafe kalmomin zuwa cikin C# kafin ka mayar da gurbin. In ka mayar sannan ka koma karantawa, ka shiga ɗakin da ba naka ba. Na biyu, sau ɗaya ake mayarwa, jerin gaba ɗaya, ba kalma-kalma ba, domin dunƙule guda aka ba ka. Na uku, ƙofar da ka karɓa ta ita za ka mayar: abin da aka ce na LocalFree ne, kar ka kai shi wani wuri don sunan ya yi kama. Na huɗu, ka sa mayarwar a sashen finally, wanda ke gudana ko da kuskure ya katse aikin a tsakiya.

Kuma ba ƙaramin fage ba ne wannan. A 2019 Microsoft da kanta ta ce kusan kashi 70 cikin 100 na raunin tsaron da take gyarawa kowace shekara daga sarrafa ƙwaƙwalwa yake fitowa. Nawa yoyo ne kawai, bai buɗe wa ɓarawo ƙofa ba, amma ya kusa raba bawan Allah da abincinsa.

Na kira Alhaji gefe na ce, "Alhaji, yaronka bai ci ko dala ba. Laifina ne." Ya yi shiru, can ya ce, "To Allah ya kyauta." Na ce a'a, a gaban yaron nake so in maimaita, tunda a gaban mutane aka zarge shi. Haka aka yi. Na kuma yafe kuɗin kula da manhajar na wata uku, duk da na san bai kai asarar ba.

Tun daga ranar, duk manhajar da na rubuta sai ta kwana tana aiki a kwamfutata, na duba ƙwaƙwalwarta da safe, kafin in miƙa wa mai ita. Yaron yana nan a shagon har yau. Makon jiya ma ya tare ni, wai in fara koya masa C#. Na ce ya zo ranar Asabar da littafin rubutu da biro.