Ismat: sunan da ya je Turkiyya ya dawo Sudan da sabon harafi

A Khartoum da Omdurman ba abin mamaki ba ne a ji ana kiran namiji da suna Ismat, kamar yadda ake jin Rif'at, Midhat ko Shaukat. Baƙo daga Maradi ko Kano zai iya ɗauka sunan mace ne, ko kuma ba na Musulmi ba ne. To amma asalinsa Larabci ne, sai dai Turkawa ne suka ba shi siffar da yake da ita a yau.

Me sunan yake nufi?

Ismat ya fito ne daga kalmar Larabci "isma", wato kariya ko tsarewa daga saɓo. Ita ce kalmar da malamai ke amfani da ita idan suna bayanin cewa Allah ya tsare annabawa, kuma daga tushenta aka samu "ma'asumi". Sunayen Asim da Mu'utasim duk ƴan gida ɗaya ne da shi. Haka ma kalmar "asima", wadda ke nufin babban birni, da ita mutanen Sudan ke kiran Khartoum, Bahri da Omdurman a haɗe. Sunan ba shi da alaƙa da Asma'u, duk da kamar da suke yi a kunne.

Daga ina harafin "t" ya shigo?

A Larabci kalmar tana ƙarewa da ta mai ƙulli, wadda ba a furta ta idan an tsaya a kanta. Da Turkawan daular Usmaniyya suka ari irin waɗannan kalmomi, sai suka riƙa rubuta su da buɗaɗɗiyar ta, suna furta ta sarai. Ta haka "isma" ta zama Ismet, "rif'a" ta zama Rifat, "hikma" kuma ta zama Hikmet. Daga baya sunayen suka koma ƙasashen Larabawa ta hannun hafsoshi da ma'aikatan daular.

Yadda ya iso bakin Nilu

A 1820 Muhammad Ali Pasha, gwamnan Masar a ƙarƙashin Usmaniyya, ya tura ɗansa Isma'il da runduna zuwa Sudan. Mulkin da ya biyo baya, wanda mutanen ƙasar ke kira Turkiyya, shi ne ya mayar da Khartoum hedikwata, musamman a zamanin gwamna Khurshid Pasha. Ya kawo ƙarshe ne ranar 26 ga Janairun 1885, lokacin da dakarun Mahadi suka kama birnin, daga nan mulki ya koma Omdurman a hannun Halifa Abdullahi.

Masu mulki sun tafi, amma harshe ya riƙe sawunsu. Har yau a Sudan gada "kubri" ce, ɗaki "oda" ne, dukkansu daga Turkanci. Cuɗanya da Masar bayan 1898 ta ƙara yaɗa irin waɗannan sunaye a tsakanin iyalan birni.

Fitattun da suka ɗauki sunan

Wanda ya fi shahara shi ne Ismet Inonu, da ya jagoranci tawagar Turkiyya a yarjejeniyar Lausanne ta 1923, sannan ya gaji Mustafa Kemal Ataturk a matsayin shugaban ƙasa daga 1938 zuwa 1950. A Masar akwai Esmat Abdel Meguid, babban sakataren ƙungiyar ƙasashen Larabawa daga 1991 zuwa 2001. A Sudan kuwa, Janar Ismat Abdel Rahman ya riƙe ma'aikatar cikin gida a zamanin Omar al-Bashir. Mata ma suna ɗaukar sunan, kamar marubuciyar Indiya Ismat Chughtai.

Abin lura ga iyaye

A rubutun Larabci siffar sunan ɗaya ce, amma a boko ana samun Ismat, Esmat da Ismet. Tun bayan ɓarkewar yaƙi a Khartoum ranar 15 ga Afrilun 2023, iyalai da dama sun tsallaka zuwa Chadi, Masar da wasu ƙasashe, inda ake cike takardu da Faransanci ko Ingilishi. Bambancin harafi ɗaya tsakanin takardar haihuwa da fasfo kan iya jawo tambayoyi da jinkiri wajen rajista ko sa yaro makaranta. Don haka duk mai ɗa Ismat ya zaɓi rubutu ɗaya, ya tabbata shi ne a kan kowace takarda.