Ƙwallon Gaelic: Ba Albashi, Amma Akwai Zafin Kai

A ƙasar Ayalan akwai wata ƙwallo da ake kira Gaelic, wadda ake bugawa da hannu da ƙafa, mutum 15 kowane ɓangare. Ƙungiyar GAA, da aka kafa a 1884, ita ke shirya ta, kuma har yau 'yan wasan ba sa karɓar albashi. Galibi kowa gundumarsu yake bugawa, shi ya sa shan kashi ke zama tamkar abin kunyar gida. Dattawa har gobe suna tuna karon Dublin da Kerry na shekarun 1970.

Wannan kishin kan wuce gona da iri. A 2010, Meath ta doke Louth da ƙwallon da ake ta musu a kai, magoya baya suka kutsa fili suka far wa alƙalin wasa.

Amma ranar da ba a mantawa ita ce 21 ga Nuwamba, 1920, lokacin da dakarun Birtaniya suka buɗe wuta a filin Croke Park, mutum 14 suka rasu, har da ɗan wasa Michael Hogan. Yanzu wani ɓangaren filin sunansa yake ɗauke da shi.